Jules Tinel: Likitan Da Ya Bi Sawun Jijiya Da Kan Yatsa

Duk wanda ya taɓa kai kukan sagewar yatsu asibiti, a nan Libreville ne ko a Oyem ko a Kano, zai tuna wani ɗan abu da likita yake yi kafin ya rubuta magani. Zai ce ka buɗe tafin hannu, ya sa kan yatsarsa ko 'yar gudumar roba ya ƙwanƙwasa tsakiyar wuyan hannun, sannan ya tambaye ka me ka ji. In wani abu kamar lantarki ya tsarga zuwa babban yatsa da manuniya, sai ka ga ya gyaɗa kai ya yi rubutu a katinka. Abin da ya rubuta ɗin sunan mutum ne, Tinel. Wani likitan Faransa ne da ya mutu tun 1952, kuma bai ƙirƙiri wannan gwaji don masu ciwon wuyan hannu ba. Don sojojin da harsashi ya tsinka wa jijiya ya yi shi.

An haifi Jules Tinel a birnin Rouen, arewacin Faransa, ranar 13 ga Oktoba 1879. Gidansu gidan likitoci ne kaka da kakanni, don haka babu wanda ya yi mamaki da ya kama wannan hanya. Ya fara karatu a garinsu, ya wuce Paris, a 1906 ya samu shiga sahun ƙananan likitocin da ke kwana a manyan asibitocin birnin, matsayin da sai an ci jarrabawa mai zafi ake samu. A 1910 ya kammala digirinsa da bincike kan yadda ciwon tunjere ke cin jijiyoyi in ya daɗe a jiki. Malamin da ya fi tasiri a kansa shi ne Joseph Jules Dejerine, babban farfesan cututtukan jijiya da ƙwaƙwalwa a asibitin Salpêtrière. Matar Dejerine ma, Augusta Klumpke, gwana ce a fannin, tana cikin matan farko da aka yarda su riƙe wannan matsayi na ƙaramin likita a Paris. A hannun waɗannan mutane biyu Tinel ya koyi cewa kowace jijiya tana da yankinta a fata, kamar yadda kowane mai unguwa yake da iyakarsa, kuma in ka san iyakokin nan, majinyaci da bakinsa zai gaya maka inda ɓarnar take. A 1913 aka ba shi shugabancin ɗakin gwaje-gwaje a Salpêtrière.

A nan sai mu ɗan tsaya, domin Hausa ta haɗa abubuwa uku ta ba su suna ɗaya. Jijiya ce ke ɗauke da jini, jijiya ce ke ɗaure tsoka da ƙashi, jijiya ce kuma ke kai saƙon taɓawa da zafi zuwa ƙwaƙwalwa ta dawo da umarnin motsi. Wannan ta ukun, jijiyar saƙo, ita ce sana'ar Tinel, kuma ita muke nufi daga nan har ƙarshe sai in mun faɗi akasin haka.

Sai yaƙi ya ɓarke a 1914. Yaƙin nan bai tsaya a Turai ba, ya iso har ƙofar gidanmu. A lokacin yankin Woleu-Ntem, har da Oyem da Bitam, yana hannun Jamus tun yarjejeniyar 1911, kuma a watan Satumba 1914 an gwabza a Cocobeach. Albert Schweitzer, wanda bai daɗe da buɗe asibitinsa a Lambaréné ba, an tsare shi saboda takardunsa na Jamus ne. Shi kuwa Tinel an kira shi aikin soja, aka ba shi kula da cibiyar jinyar jijiya a garin Le Mans, inda ake kwaso waɗanda suka ji rauni daga fagen daga.

Faransa ta rasa mutum wajen miliyan 1.4 a yaƙin, waɗanda suka ji rauni kuma sun haura miliyan huɗu. Da yawa daga cikinsu a hannu ko ƙafa abin ya same su. Ciwon ya warke, ƙashi ya ɗoru, amma hannu na reto kamar ba nasa ba, ba ya ji, ba ya riƙo. Tambayar da ke gaban likita ita ce: jijiyar nan ta tsinke ne gaba ɗaya, ko ƙujewa ta yi za ta farfaɗo da kanta? In ta tsinke aka yi jinkirin ɗinki, tsoka za ta shanye, hannu ya tafi ke nan. In kuwa tana kan hanyar warkewa aka je aka yanka, an ɓata abin da Allah ya fara gyarawa. Hoton ƙashi akwai shi a lokacin, amma ba ya nuna jijiya. Ba wata na'ura da za ta leƙa ƙarƙashin fata ta ce ga halin da ake ciki.

Abin da Tinel ya lura da shi ke nan, daga yawan taɓa majinyata da sauraron bayaninsu. In ya danna kan jijiyar da ta ji rauni, wasu sojojin zafi suke ji a daidai wurin. Wasu kuwa ba zafi ba ne, wani abu ne kamar kiyashi na yawo, kuma ba a inda aka danna suke jin sa ba, can nesa suke ji, a yatsun da jijiyar ke yi wa hidima. Bafaranshe yana kiran wannan yanayi da sunan da ya samo asali daga tururuwa, mu kuma muna cewa minjirya. Tinel ya ce a bambanta su: zafi alamar jijiya ta fusata ne, minjirya kuwa alamar sababbin zaruruwa ne suna tsirowa. Ya ga alamar ba ta bayyana nan take, sai bayan makonni huɗu zuwa shida da jin raunin. Abin da ya fi muhimmanci, ya ga tana tafiya. Yau ka same ta a gwiwar hannu, bayan wata ɗaya ta gangaro ƙasa kaɗan, bayan wani watan ta ƙara matsowa wajen yatsu. Jijiyar saƙo takan tsiro kimanin milimita ɗaya a yini, wato wajen santimita uku a wata. To in wurin minjiryar na gangarowa, a bar mutum, jikinsa na aiki. In ya kafe wuri ɗaya wata da watanni, akwai abin da ya tare hanya, a kira mai fiɗa.

A watan Oktoba 1915 ya buga wannan bayani a mujallar La Presse Médicale. A 1916 ya fitar da littafi sukutum kan raunukan jijiya, wanda ya gina kan majinyata sama da 600, Dejerine ya rubuta masa gabatarwa. Shekara guda bayan nan aka fassara shi zuwa Ingilishi, likitocin sojan Ingila da Amurka suka kama aiki da shi.

Gaskiya dai ba shi ne na farko ba. A ɗaya ɓangaren yaƙin, wani likita Bajamushe mai suna Paul Hoffmann ya riga shi buga kusan wannan bayani a watan Maris na shekarar 1915 ɗin, shi ma daga duba sojojinsu. Babu wanda ya san da aikin ɗan'uwansa, don mujallu ba sa tsallake fagen daga. Jamus ta sha kashi, harshen Faransa da Ingilishi suka yi rinjaye a harkar, sai sunan Tinel ya bi duniya na Hoffmann ya tsaya a gida. Masu adalci a cikin marubuta suna haɗa sunayen biyu. A ganina haka ya dace, ko da yake bayanin Tinel ya fi zurfi wajen rarrabe zafi da minjirya.

Yanzu ta yaya gwajin sojoji ya koma gwajin wuyan hannun mata masu daka da teloli? A wuyan hannu akwai ƙananan ƙasusuwa takwas da suka yi kamar kwarya a buɗe, sai wata ɗamara mai tauri ta rufe samansu. Tsakanin ƙashi da ɗamarar akwai kwaroro, shi ne likitocin nan ke kira kanal karpiyan. Ta cikinsa jijiyoyin tsoka tara masu lanƙwasa yatsu suke wucewa, tare da jijiyar saƙo guda ɗaya, ta tsakiya. Wurin a cike yake, ba ya buɗewa. Da zarar wani abu ya kumbura a ciki, ita mai laushin ce ke shan matsa. Sai babban yatsa da manuniya da na tsakiya da rabin yatsan zobe su riƙa sagewa, ƙaramin yatsa kuwa lafiya lau, domin wata jijiyar ce daban ke kula da shi. Abin ya fi tashi da dare: mutum ya farka yana yarfe hannu kafin ya samu sauƙi. Mata sun fi maza kamuwa, musamman daga shekara arba'in zuwa sittin, haka masu juna biyu, masu ciwon sukari, masu ƙiba, da masu matsalar maƙoƙo ko amosanin gaɓɓai. Aikin da ake maimaita damƙa da ƙarfi yana ƙara tsananta shi: daka, wanki da matsa, kitso, almakashin tela, wuƙar mahauci, injin da ke girgiza hannu.

Abin mamaki, a Paris ɗin da Tinel ke aiki, a 1913, wasu likitoci biyu, Pierre Marie da Charles Foix, sun duba gawar wata tsohuwa wadda naman gindin babban yatsanta ya shanye a hannu biyu, suka ga jijiyar a matse ƙarƙashin ɗamarar, har suka ba da shawarar cewa yanke ɗamarar da wuri zai iya ceton hannun. Yaƙi ya zo, maganar ta bi ruwa. Shekaru talatin da wani abu ana ɗora laifin sagewar yatsu kan wuya da kafaɗa, har ana yi wa wasu tiyatar da ba ta shafi ciwonsu ba. Sai a 1947 likitocin London suka buga labarin majinyata shida da aka yanke wa ɗamarar suka samu lafiya. Daga 1950 kuma wani likitan fiɗar hannu na Amurka, George Phalen na asibitin Cleveland Clinic, ya dage kan maganar har ta zauna. Shi ne ya ɗauko ƙwanƙwasar Tinel ya sa ta cikin hanyoyin gane ciwon, ya ƙara nasa gwajin na lanƙwasa wuyan hannu na minti ɗaya a ga ko yatsu za su sage. A 1966 ya buga bayanin hannaye 654 da ya duba cikin shekara 17. Shi ne kuma ya yaɗa yin allurar kortizon a cikin kwaroron, maganin da aka fara gwadawa kan masu amosanin gaɓɓai a 1948.

Allurar tana sace kumburi, jijiya ta samu sarari. Amma akwai haɗari, kuma haɗarin shi ne dai tsohuwar matsalar Tinel: ina jijiyar take? Shekara da shekaru likita da ƙiyasi yake soka allurar, yana bin layukan fata da jijiyoyin tsokar da yake iya taɓawa. Yawanci ana dacewa. Amma ba duk mutane ne aka shimfiɗa wa jijiya a wuri ɗaya ba, a wasu ma ta rabu biyu ko tana tafe da 'yar jijiyar jini a gefenta. In tsinin allura ya shiga cikin jijiyar aka tura magani, ana iya barin mutum da zafi da sagewar da suka fi na da.

Maganin wannan ma daga yaƙin 1914 ya fito, a ƙasa ɗaya da Tinel. Lokacin da yake danna hannuwan sojoji a Le Mans, masanin kimiyya Paul Langevin yana can yana neman yadda za a gano jiragen yaƙin Jamus masu tafiya a ƙarƙashin teku. Ya yi amfani da wani farin dutse mai ƙyalli, kwarts, wanda in aka sa masa lantarki yake fitar da sautin da kunnen mutum ba ya ji. Sautin ya bugi abu ya dawo, daga amsa-kuwwar a san nisansa. A 1958 Ian Donald a birnin Glasgow ya nuna cewa ana iya leƙa cikin mace da wannan dabara, abin da ya zama ekografi da matanmu suka sani a awon ciki, 'yan Najeriya kuma suke ce wa sikanin. Zuwa farkon shekarun 1990 na'urorin sun yi kaifin da za su nuna jijiyar wuyan hannu.

Ga yadda ake yi yau. Majinyaci zai ɗora hannu a kan tebur, tafi na kallon sama. Likita ya goge wurin, ya ɗora kan na'urar a gicciye, sai jijiyar ta fito a allo kamar ɗan ƙwai mai ɗigo-ɗigo a ciki. Zai iya auna kaurinta: in faɗin yankinta ya kai wajen murabba'in milimita 10 ko ya wuce, alama ce ta kumbura. Sannan ya shigar da siririyar allura, galibi ta ɓangaren ƙaramin yatsa, yana kallon tsininta tana tafiya har ta tsaya kusa da jijiyar ba tare da ta taɓa ta ba. Da ya tura maganin zai ga ruwan na zagaye jijiyar yana raba ta da abin da ya manne mata. Mintuna kaɗan ne, mutum ya tashi ya tafi gida. Binciken da aka yi na kwatanta hanyoyin biyu ya fi karkata ga cewa mai ekografin ta ɗan fi sauƙaƙa ciwo, amma babban amfaninta shi ne likita na ganin abin da yake yi.

Kada dai a ɗauka allurar ta gama magana. A wani gwaji da aka yi a Suwidin aka buga a 2013, an raba majinyata 111 gida uku. Cikin waɗanda aka yi wa allura mai ƙarfi, kashi 73 cikin ɗari sun ƙare a ɗakin tiyata kafin shekara ta zagayo, waɗanda aka ba rabin wannan ƙarfi kashi 81, waɗanda aka yi wa allurar da ba magani a ciki kashi 92. Wato tana ba da sauƙi na makonni ko watanni, tana sayen lokaci, wasu kuma ta ishe su, musamman mai cikin da ciwonta kan tafi bayan haihuwa. In ciwon bai yi nisa ba, abin ɗaure wuyan hannu da dare ma yana taimakawa. Mai ciwon sukari ya sani kortizon kan ɗaga sukari na 'yan kwanaki, ya gaya wa likita tun kafin a fara. Wanda kuwa ya ga tudun naman gindin babban yatsansa ya fara lotsawa, ko carbi na zamewa daga hannunsa, ko ya kasa ɓalla maɓallin riga, ya wuce matakin allura da man zafi da tsaga. Wannan jijiya ce ke mutuwa, tiyata take so, kuma naman da ya riga ya shanye ba lallai ya dawo ba. Allurar nan kuma ba ta mai kemis ba ce ko mai zuwa gida da jaka.

Ita kanta ƙwanƙwasar Tinel ba hukunci ba ce. Akwai masu ciwon da ba sa jin komai in an buga, akwai kuma masu lafiya da za su ji minjirya in an buga da ƙarfi. Shi ya sa ake haɗa ta da gwajin Phalen, da gwajin gudun saƙo a jijiya, da ekografi.

Mu koma ga mutumin. Bayan yaƙi Tinel ya juya ga wani fannin, jijiyoyin da ke tafiyar da zuciya da hanji da gumi ba da sanin mutum ba, da kuma alaƙar damuwa da ciwon jiki. A 1922 yana cikin likitoci ukun da suka bayyana wata majinyaciya mai hawan jini mai zuwa bagatatan saboda ƙari a ƙullin da ke saman ƙoda. Ya yi aiki a La Rochefoucauld, sannan Beaujon, sannan Boucicaut, duk asibitocin Paris, a 1937 kuma ya fitar da babban littafi kan waɗancan jijiyoyi.

Sai Jamus ta mamaye Faransa a 1940. Mutanen Gabon sun san wannan shekara. A ranar 7 ga Yuni aka harbe Kyaftin Charles N'Tchoréré, haifaffen Libreville, a garin Airaines bayan an kama shi, saboda ya nemi a ɗauke shi a matsayinsa na hafsa kamar Turawan da aka kama tare da shi. A watan Nuwamba sojojin de Gaulle suka karɓe Libreville daga hannun masu biyayya ga gwamnatin Vichy. A Paris kuwa, a ƙarshen Oktoba, Jamusawa suka kama Langevin mai dutsen kwarts.

Tinel ya haura sittin a lokacin, zuciyarsa ma ta fara ba shi matsala. Yana iya rufe ƙofarsa ya ci gaba da duba marasa lafiya, ba mai zarginsa. Sai ya buɗe gidansa ga wata ƙungiyar sirri mai suna Comète, wadda wata budurwa 'yar Beljiyam, Andrée de Jongh, ta kafa a 1941. Aikinsu shi ne ɓoye matuƙan jiragen saman Ingila da Amurka da aka harbo, a saya musu tufafi da takardun bogi, a bi da su daga Brussels zuwa Paris, daga nan zuwa Bayonne a kudu, a haura da su duwatsun Pyrénées cikin dare zuwa Sifen. Sun tsallakar da ɗaruruwa. Ita Andrée an kama ta a farkon 1943, ta tsira daga sansanonin Jamus, daga baya ta yi shekaru tana jinyar kutare a Kongo da Kamaru da Habasha da Senegal.

A gidan Tinel ake ajiye matuƙan, ɗansa Jacques kuma yana cikin masu raka su kudu. Hukuncin wanda aka kama da irin wannan baƙo a gida kowa ya san shi. A 1943 aka kama Jacques. Aka bi sawu aka kama uban, da uwargidan, da wani ɗan nasa. Su ukun sun yi watanni a tsare aka sake su. Jacques kuwa aka tura shi Dora, wani sansani kusa da garin Nordhausen inda ake sa fursunoni haƙa ramuka a cikin dutse suna harhaɗa rokokin V-2. Cikin mutum wajen 60,000 da suka ratsa ta Dora da rassanta, kimanin 20,000 ba su fito ba. Jacques na cikinsu.

Tinel ya yi ritaya a 1945, shekarar da yaƙin ya ƙare, amma bai daina zuwa asibitin Boucicaut yana bincike da duba marasa lafiya ba. A 1947 wata matsala a ƙwaƙwalwa ta ɗauke masa magana, ciwon da ya sha gani a wurin wasu. Bayan wani lokaci maganar ta dawo, ya koma bakin aiki. Zuciyar ce ta ci gaba da raunana, har ta tsaya ranar 4 ga Maris 1952 a Paris, yana da shekara 72, shekara biyu bayan Phalen ya buga takardarsa ta farko kan matsewar jijiyar wuyan hannu.